Hayaƙi Da Ƙura Na Shigowa Mota Alhali Gilasai Na Rufe: Yadda Ake Gano Laifin Injin Ƙyauren Iska

Wani malamin makaranta daga unguwar Pantami a Gombe ya aiko da wannan tambaya: "Ina da Toyota Camry ƙirar 2008, mai AC irin wanda ke daidaita sanyinsa da kansa. Tun shigowar hunturu nake jin wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga bayan dashbod ta ɓangaren fasinja, duk lokacin da na murza makulli ko na danna maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a cikinta. Idan na bi bayan tirela a hanyar Bajoga, hayaƙi yana cika motar ko da gilasai a rufe suke, kuma da rana sanyin ba ya kai yadda na saba. An ƙara mini gas har sau biyu, yanzu kuma an ce in canja kwamfureso. Mene ne ainihin matsalar?"

Malam, kafin komai ina ba ka shawara ka jingine maganar kwamfureso tukuna, domin a cikin alamomi ukun da ka lissafa, biyu ba su da wata alaƙa da shi ko kusa. Kwamfureso, wato famfon da ke matsa gas ɗin AC ya zagaya da shi, yana can gaba ne a jikin inji, bel ke juya shi, saboda haka ba zai yi ƙara a bayan dashbod ba, kuma ko da ya mutu murus ba shi da hanyar da zai bi ya shigo maka da hayaƙin tirela. Bayaninka ya fi karkata ga ƙyauren da ke zaɓar inda motar za ta zuƙo iska, tare da ɗan ƙaramin injin lantarki da ke juya shi, wanda masu sayar da kayan gyara ke kira akcuweta. Sai dai ba zan ce ka je ka sayo shi yau ba, saboda abubuwa uku ne ke iya haifar da wannan alama iri ɗaya: ko dai ƙyauren kansa ne ya cije ko ya karye, ko ɗan injin ne ya lalace, ko kuma umarnin da ake aika masa ta waya ne ba ya isa. Aikin mai gyara shi ne ya raba tsakanin ukun nan kafin kuɗi ya fita daga aljihunka, kuma fiye da rabin wannan bincike kai ma za ka iya yinsa a ƙofar gidanka.

Bari in fara da yadda abin yake a ciki. A bayan aljihun dashbod, wancan da ake ajiye takardun mota, akwai fankar da ke hura iska, wadda muke ce wa bulowa. A samanta akwai wani akwatin roba mai baki biyu. Baki ɗaya yana kallon waje, yana samun iska ta ragar da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa, ɗayan kuma yana kallon cikin mota, wajen ƙafafun mai zama a gaba. Ƙyaure ne a tsakaninsu, idan ya rufe wannan sai ya buɗe wancan. A tsofaffin motoci, wata waya ce mai kama da ta birkin keke take jan ƙyauren idan ka tura ɗan hannun da ke jikin dashbod, wasu kuma da zuƙar iskar inji suke aiki, ta cikin siririn tiyo. A irin motarka kuwa, ɗan akwati ne baƙi wanda bai fi tafin hannun yaro ba, a cikinsa akwai ƙaramin inji mai aiki da bolt 12, da jerin giyoyin roba masu rage masa gudu su ƙara masa ƙarfi, da kuma wani sashe da ke shaida wa kwamfutar AC inda ƙyauren ya tsaya. Ba shi kaɗai ba ne a cikin dashbod. Yana da 'yan'uwa aƙalla biyu: mai haɗa iskar zafi da ta sanyi, da mai karkata iska zuwa fuska ko ƙafa ko gilashi. Dukansu suna iya yin irin ƙarar da kake ji, shi ya sa ake yawan canja mai lafiya a bar maras lafiya.

Dalilin raguwar sanyin ma ba ɓoyayye ba ne. Idan ƙyauren ya rufe bakin waje, iskar da ta riga ta yi sanyi a cikin motar ita ce ke sake komawa ta bi ta kan ibaforeta, wato ɗan lagireton nan na cikin dashbod wanda gas ke sanyaya shi, kuma duk zagayen da ta yi sai ta ƙara sanyi. Idan kuwa ya maƙale a buɗe, to kowane lokaci sabuwar iskar waje ce na'urar ke fama da ita. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40, bambanci ne babba tsakanin sanyaya iskar da ke kan digiri 25 da wadda ta taso daga kan kwalta da tsakar rana. Da safe ko da dare ba za ka lura ba, sai rana ta take, kamar dai yadda ka bayyana. Wannan ne ke sa a ɗora laifin a kan gas, a bar jaki ana dukan taiki.

Gwajin farko ba ya bukatar kayan aiki ko ɗaya sai kunnenka. Ka tayar da motar a wuri maras hayaniya, ka kashe rediyo, ka fitar da AC daga tsarin AUTO domin kada ya riƙa yanke hukunci da kansa, ka saita iska zuwa fuska, sannan ka ƙure bulowa. Yanzu danna maɓallin mai hoton mota, ka jira kamar daƙiƙa goma, ka sake dannawa. A mota mai lafiya za ka ji sautin iskar ya sauya sarai: idan tana zuƙa daga ciki, gurnanin fankar yana ƙaruwa domin bakin da ke kusa da kai ne a buɗe, idan ta koma waje kuma sautin yana yin ƙasa. In ka danna sau biyu ko uku sautin bai motsa ba, ƙyauren ba ya tafiya. Kada fitilar da ke jikin maɓallin ta yaudare ka. Kamawarta tana nufin kwamfutar ta ji umarninka ne kawai, ba ta ce ƙyauren ya bi umarnin ba.

Akwai abu guda da ya kamata ka kiyaye a nan, domin ya sha jefa mutane cikin ruɗani. Motoci da yawa an ƙera su ne ta yadda idan ka karkata iska zuwa gilashin gaba don goge raɓa, za su koma zuƙar iskar waje da kansu, wasu ma sai su ƙi karɓar umarnin maɓallin gaba ɗaya har sai ka sauya. Wannan ba lalacewa ba ce. Haka kuma wasu manyan motoci irin su Lexus da BMW suna da na'urar shinshino hayaƙi a gaba, wadda ke rufe ƙyauren ta buɗe shi ba tare da an taɓa komai ba. Shi ya sa na ce ka saita iskar zuwa fuska kafin ka gwada.

Gwaji na biyu a waje ake yinsa. Ka bar bulowa a ƙure, ka fito ka ɗora guntun tishu ko siririyar leda a kan ragar da ke gindin gilashin gaba ta ɓangaren fasinja. Idan motar tana zuƙar iskar waje, za ka ga ya manne a jikin ragar. Ka sa wani ya danna maɓallin daga ciki, in ƙyauren ya rufe sai tishun ya saki. Idan ya ci gaba da mannewa a dukkan halin biyu, ka tabbatar da cewa ƙyauren ya maƙale a buɗe, kuma hayaƙin hanyar Bajoga ta nan yake biyowa. Akasin haka ma yana faruwa, ya maƙale a rufe, sai dai mai irin wannan matsalar ba ya kuka da rani domin sanyinsa lafiya lau ne. Sai damina ta kankama, a watan Agusta, zai ga gilasai suna yin raɓa ta ciki suna ƙin gogewa, kuma a doguwar tafiya da mutane cike da mota iskar tana yin nauyi har ta riƙa sa direba gyangyaɗi.

Sai maganar ƙarar. Ka kashe bulowa ko ka rage ta ƙasa, ka bar makulli a kunne, ka riƙa taɓa abu ɗaya-ɗaya kana saurare: ka ɗaga zafi zuwa ƙarshe ka sauke, ka jira, ka sauya inda iska ke fitowa, ka jira, sannan ka danna maɓallin zuƙar iska. Wanda ƙarar ta biyo bayansa shi ne mai laifi. Ƙas-ƙas ɗin da ke maimaita kanta a jere galibi haƙoran giya ne suka karye, injin yana juyawa, yana zuwa wurin da babu haƙori sai ya zame, ya sake kamawa, ya sake zamewa. Idan kuma ƙarar ta fi kama da ɗan gurnani mai kai da komo, kamar abin yana neman wurin tsayawa bai samu ba, to sashen da ke faɗin matsayin ƙyaure ne ya cinye ko ya yi datti, kwamfuta tana ta tura shi gaba da baya. Shiru ɗungurungum kuwa ya fi nuna wuta ba ta zuwa, ko injin ya ƙone. Jin ƙarar a lokacin murza makulli shi ma ya dace da wannan, domin a daidai lokacin ne na'urar ke mayar da kowane ƙyaure wurin da ya kamata ya kasance.

Daga nan sai gani da ido, wanda a wurina shi ne matakin da ba a tsallakewa. Ka kwashe kayan aljihun dashbod, ka zare ɗan sandan da ke riƙe shi a gefe, ka matse gefunansa biyu ciki, zai sauko ƙasa. Za ka ga wani dogon marfi a kwance, bayansa ne filtar iska take. Ka zaro ta a hankali, ka haska tocila ta cikin ramin zuwa sama, ka sa a danna maɓallin. A nan gani ya kori ji: ko dai ka ga ƙyauren ya tafi har ƙarshe ya dawo, ko ya tafi rabi ya tsaya yana karkarwa, ko bai motsa ba sam. Kada ka sa yatsa a ramin alhali bulowa na juyawa, tana nan ƙasa kaɗan da wurin. Ga masu Lexus, musamman IS 250 da GS 350, akwai gargaɗi na musamman: a waɗannan motoci sai an saita AC a kan zuƙar iskar ciki kafin a ciro filtar, domin ƙyauren ne ke tare hanyarta. Duk wanda ya ɗaga shi da ƙarfi da hannu yana iya karya mahaɗinsa, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa da wannan matsalar, wajen canjin filta aka jawo musu ita.

Zan ba ka labarin abin da ya koya mini wannan darasi, domin kuskuren nawa ne. Shekarun baya an kawo mini wata mota daga Kumo da irin ƙarar nan. Na ji ta, na ce giya ce ta karye, na buɗe akcuwetar na tarar da haƙora biyu na farar giyar sun guntule, guntayensu na kwance a cikin man. Na sa aka sayo wata na ɗaura, mai mota ya tafi yana godiya. Ba a yi mako biyu ba sai ga shi ya dawo da ƙara iri ɗaya. A karo na biyu ne na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na cire injin, na kama hannun ƙyauren na juya shi da yatsa, sai na ji yana tafiya ya tokare da wani abu kafin ya kai ƙarshe. Da na sauke bulowa na leƙa, ashe biro ne ya zame daga aljihun dashbod ya faɗa ciki ya gitta a bakin ƙyauren, tare da wani rasit ɗin gidan mai da iska ta zuƙe. Injin yana ta tura ƙyaure a kan biro har haƙoransa suka gaza. Kuɗin ta biyun daga aljihuna ya fito. Tun daga ranar, ba na ɗaura sabuwa sai na juya ƙyauren da hannuna daga wannan ƙarshe zuwa wancan na ji yana tafiya sumul.

A yankinmu abubuwan da ke cije ƙyauren nan sanannu ne. Motar da ke kwana ƙarƙashin dogon yaro tana tara busasshen ganye a ragar gaba, yana gangarawa ciki. Wadda ake ajiyewa kusa da rumbu ko buhunan hatsi, ɓera yana shiga ta bakin waje ya yi sheƙa a kan filta, wani lokaci ma ya ci wayoyin da ke wurin, kuma ɓawon gyaɗa da warin fitsarinsa ne ke tona shi. Ƙurar hunturu kuma tana haɗuwa da man da ke madogaran ƙyauren ta zama kamar taɓo, ta sa shi nauyi, ɗan injin ya riƙa ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa. Sannan motoci da yawa ana yawo da su babu filta kwata-kwata, an cire ta don wai iska ta ƙara ƙarfi. Wannan dabara ce da ba na goyon baya, domin ƙurar da filtar za ta tare tana zuwa ta liƙe a jikin ibaforeta mai danshi, kuma wanke shi ya fi canja filta wahala nesa ba kusa ba. Akwai kuma soson da ke zagaye da bakin ƙyauren, wanda zafi ke cinyewa har ya zama gari. Idan ya ƙare, injin zai yi aikinsa daidai, ƙyauren ya rufe, amma iska ta riƙa zurarowa ta gefe. Wanda ya ga baƙin garin soso yana fitowa ta bakin AC ya san nasa ya kai wannan matsayi.

Motarka tana da wata dama da ba kowa ya sani ba, wato tana iya bincikar kanta. A yawancin Toyota masu AC mai daidaita kansa, idan ka danne maɓallin AUTO tare da na zuƙar iska, ka murza makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ka sake su ba, fitilun allon AC za su yi walƙiya, sannan lambobi su fito a wurin da ake nuna zafi. Lamba 00 tana nufin ba a ga laifi ba. Lamba 42 tana nuni ga injin ƙyauren zuƙar iska ko layinsa, 41 na mai haɗa zafi da sanyi ne, 43 kuma na mai karkata iska. A wasu ƙirar akwai 32, wadda ke nufin sashen da ke faɗin matsayin ƙyauren zuƙar iska. Idan ka ga 21 alhali motar tana cikin inuwa, kada ta dame ka, na'urar auna hasken rana ce da ke saman dashbod ba ta ga rana ba. Wanda ya jona kwamfutar duba mota zai ga waɗannan lambobi a matsayin B1442, B1441, B1443 da B1432, kuma kwamfuta mai kyau tana iya ba ƙyauren umarni kai tsaye ta nuna inda aka ce ya je da inda ya kai. Abin lura shi ne lambar tana nuna layin da matsalar take ne, ba ta ce lalle injin ne ya mutu ba. Waya da ta tsinke, soket da ya saki, da ƙyauren da ya cije, duk suna iya fitar da lamba 42.

Abin da ya rage aikin mai rewaya ne, kuma yana da kyau ka san abin da zai yi domin ka gane ko ya san aikinsa. Zai fara da fiyus, duk da cewa in sauran maɓallan AC suna aiki da wuya a samu laifi a can. Sannan ya dubi soket ɗin akcuwetar, ko akwai tsatsa mai launin kore, ko wani ƙarfe ya ja baya, ko haƙorin ɓera. Daga nan yadda zai auna ya danganta da irin akcuwetar, kuma a nan ne ake yawan yin ɓarna. Iri mafi sauƙi yana da wayar wuta da wasu guda biyu, kwamfuta tana haɗa ɗaya da at, wato jikin ƙarfen mota, idan tana son iskar waje, ta haɗa ɗayar idan tana son ta ciki, shi kuma injin yana tsayar da kansa in ya kai. Iri na biyu mai waya biyar ne: biyu na injin, waɗanda ake juya musu wuta domin ya tafi gaba ko baya, uku kuma na sashen faɗin matsayi, wato mai kawo bolt 5, da at, da mai mayar da amsa. Idan aka ɗora mitar auna wuta a kan ta amsar, ya kamata adadin ya riƙa hawa a hankali daga ƙasa da bolt 1 zuwa wajen bolt 4 yayin da ƙyauren ke tafiya. In ya riƙa tsalle, ko ya faɗi sifiri a tsakiya ya dawo, layin da ke ciki ya cinye.

Iri na uku shi ne wanda sababbin motoci suka koma gare shi, kuma Camry daga 2007 tana cikinsu. A nan injunan ƙyauren duka suna rataye ne a kan layi ɗaya mai ɗauke da saƙo daga kwamfuta, kuma akwai ɗan guntun lantarki mai karanta saƙon, wanda a Toyota yake cikin soket ɗin kansa. Nissan ma ta daɗe tana amfani da tsari mai kama da wannan, mai waya uku. A irin wannan layi mita ba za ta nuna maka wuta na juyawa yadda aka saba ba, kuma duk wanda ya ɗauko waya daga batir ya riƙa dangwala ta a kowane ƙarfe don ya ga ko abin zai motsa, yana iya ƙona guntun, ko ma kwamfutar AC ɗin baki ɗaya. Idan ka ga mai gyara ya nufi soket ɗin da waya tsirara ko da fitilar gwaji mai babban ƙwai, ba tare da ya duba taswirar wayoyin wannan ƙirar ba, ka dakatar da shi cikin ladabi. Alama ɗaya mai amfani a wannan tsari ita ce, idan ƙyaure ɗaya ne ya tsaya, laifin yana wurinsa. Idan kuwa duka ukun suka tsaya lokaci guda, layin saƙon ko kwamfutar za a tuhuma, kuma Toyota tana nuna wannan da lamba B1497.

Kafin a zura hannu cikin wannan lungu da sukundireba, a tuna cewa jakar iskar da ke kare fasinja lokacin haɗari tana nan saman aljihun dashbod. Wayoyinta da soket ɗinta launin rawaya ne, ba a auna su da mita, ba a kuma cire su da wasa. A cire kan batir mai alamar ragewa, a jira aƙalla daƙiƙa 90 kamar yadda Toyota ta tanada, sannan a fara kwance sukurori.

Idan an ciro akcuwetar, hukuncin yana fitowa cikin minti kaɗan. A juya ƙyauren da yatsa: in yana da nauyi ko yana tokarewa, a gyara wannan tukuna. In hannunsa yana juyawa amma ƙyauren bai bi ba, mahaɗin ne ya tsage, kuma sabon inji ba zai yi maganin komai ba. Ita kuma akcuwetar, kada a kama bakinta da filaya a murɗa, domin giyar farko da ke jikin injin mai siffar sukuru ce, ba ta yarda a juya ta daga baya, haƙora ne kawai za su tafi. A ɓalle maƙallan akwatin a buɗe shi a kan farar takarda, bayan an ɗauki hotonsa da waya domin a san yadda giyoyin suka zauna. Idan haƙora sun cika kuma baƙin datti ne kawai a kan layukan tagulla, sau da yawa gogewa da maganin wanke lantarki da ɗan ɗaga 'yan yatsun ƙarfen da ke gogar layin yana dawo da ita aiki. A shafa mata ɗan farin man da ba ya cin roba, ba baƙin giris ko man inji ba. Idan haƙora sun karye kuwa, ni ban yarda da liƙi da gam ba, ban taɓa ganin wanda ya yi ƙarko ba.

Wajen saye, ka tafi da tsohuwar a hannunka, a gwada lambar da ke jikinta da siffar soket da ta hannun da ke juyawa. Akcuwetocin mota ɗaya suna kama da juna a ido, amma nisan juyawarsu ya bambanta, kuma ta motar mai AC na hannu ba lalle ta yi daidai da ta mai daidaita kansa ba. Ta Beljiyam ta asali da aka buɗe aka ga haƙoranta lafiya ta fi mini sabuwa maras suna. Lokacin ɗaurawa a daidaita ƙyauren da matsayin da bakin injin yake, kada a tilasta ɗaya ya bi ɗaya, kuma kada a kunna makulli alhali an jona soket amma ba a ɗaure ta a mazauninta ba. Bayan an gama, na'urar tana bukatar ta sake koyon iyakar tafiyar ƙyauren. Wasu motocin suna yin haka da kansu idan aka mayar da kan batir aka kunna makulli, shi ya sa ake barin maɓallan AC ba a taɓa su na kamar minti ɗaya. Wasu kuma sai an ba su umarni da kwamfutar duba mota.

Idan kuɗin gyara bai samu ba yanzu, akwai mafita ta wucin gadi. A cire soket ɗin domin ƙarar ta tsaya, a raba injin da ƙyauren, a tura ƙyauren ya rufe bakin waje a ɗaure shi a haka. Sanyi zai dawo, ƙura za ta ragu. Amma wanda ya yi haka ya riƙa sauke gilashi lokaci-lokaci a doguwar tafiya, irin ta Gombe zuwa Yola ko Bauchi, kuma ya yi ƙoƙari ya gyara kafin ruwa ya sauka.

Wani abu kuma da ba zan bari ya wuce ba: idan an tabbatar ƙyauren yana rufewa ruf amma har yanzu kana jin hayaƙi, musamman idan babu wata mota a gabanka, to a duba salansar motarka da robar bakin but da ramukan da wayoyi ke bi tsakanin inji da cikin mota. Hayaƙin injinka na iya ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma ciwon kai ko jiri a cikin mota alama ce da ba a jinkiri a kanta.

Game da gas ɗin da aka ƙara maka sau biyu, ina jin tsoron ya yi yawa. Motarka tana amfani da R134a, kimanin rabin kilo, kuma ainihin adadin yana rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. Gas da ya wuce kima yana ɗaga matsi, ya rage sanyi, ya kuma wahalar da kwamfureson da ake neman ɗora wa laifi. Bayan an gyara ƙyauren, ka sa ma'aunin zafi a bakin AC na tsakiya, gilasai a rufe, iska na zagayawa a ciki, injin motar yana juyawa ɗan sama da yadda yake yi idan ba a taka totur ba, ka ba shi minti goma a inuwa. Na'ura mai lafiya takan sauko ƙasa da digiri 10. Idan ta sauko, kwamfuresonka ba shi da laifi. Idan ba ta sauko ba, a ɗora geji, wato agogon auna matsin gas, a karanta matsin ɓangarorin biyu, mai babban matsi da mai ƙaramin matsi, a duba fankar gaba da kondensa, wato lagireton AC da ke gaban mota, ko ƙura ta toshe ta, in ya kama a zuƙe gas ɗin duka a sake zuba shi bisa awo a kan sikeli, sannan ne za a iya yin maganar kwamfureso.